Kitson Iya Nambara

Da sunan wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa mata turaku na duwatsu, ya tsaga koguna a bayanta, ya zuba al'ummai kowace da harshenta da abin kukanta. Bayan haka, ni ce Tasalla 'yar Dogara, makitsiyar Tudun Aduwa, matar Korau falke. Na taka inda matan garinmu ba su taka ba, ba don na fi su zuciya ba, sai don yunwa ta fi ƙarfina. Ku gyara zama ku ji yadda na je Nahiyar Sambalu, wadda ke can bayan tekun kudu, da abin da na ɗauko.

Mafarin abin shi ne damina ta soma yi mana rowa. Ruwa ya sauka, a yi shuka, gero ya tashi har ya yi ciki, sai sama ta ɗauke kafin ya nuna. Shekarar farko muka ce jarrabawa ce. Da abin ya maimaitu aka cinye iri, ni kuma na daina samun masu kitso, don macen da ta kwana da yunwa ba ta tuna kanta. Ana cikin haka wani tsohon matuƙin jirgi ya ba Korau labarin wani hatsi a Sambalu, sunansa tiyamba, wanda ke nuna da ɗan ruwan da ba ya isar gero. Korau ya shafa gemunsa, wanda ya kai ƙirji kuma ya fi ƙaunarsa da jakinsa, ya ce zai je ya samo.

Na ce, "Malam, kai da ake aikenka gishiri ka dawo da labari? Zuwa da kai ya fi saƙo, ƙafarka ƙafata."

Muka sha teku har na manta yadda ƙasa take tsayawa wuri ɗaya. Da muka sauka a Bakin Lumba, tashar jiragen ruwan ƙasar, sai muka tarar komai a juye yake. Mun baro gida ana zafin bazara, muka iske su suna jin wuta. Da tsakar rana inuwar mutum takan faɗa kudu, ranar kuma tana ratsawa ta arewa. Amma abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne kasuwa. Duk wanda muka ce wa tiyamba sai ya dubi hagu da dama, ya tattara kayansa ya ba mu baya. Na ce wa Korau ruwa ba ya tsami banza, mu yi shiru mu zauna. Na kafa sana'ata a gindin wata bishiya, ina kitso muna samun na tuwo, ina kuma tsintar harshensu daga bakin mata.

Akwai wata tsohuwa da ke zuwa kullum ta zauna gefe tana kallon hannuna. Wata rana iska ta zame mata ɗankwali, na ga kanta, raina ya ɓaci. Kitso ne wanda ba kai ba gindi: nan layi mai kauri ya karkace, nan ƙanana sun jeru, nan an bar fili kamar an manta, ƙeya kuwa ta dunƙule ta cukurkuɗe. Na kasa haƙuri.

Na ce, "Iya, wace marar tsoron Allah ce ta yi miki wannan aika-aika?"

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Uwata ce ta fara, ni na ci gaba. Ke ce baƙuwar da ke tambayar abin da ba a tambaya? Taso mu je gida, 'yata."

Sunanta Nambara. Ɗakinta ba kowa ba komai, sai wata fasasshiyar tukunya a bayan danga da busassun kararen wani hatsi a ciki. Ta zaunar da ni, ta kama yatsana ta ɗora a kanta, ta ba ni tarihi. Ta ce su Ambalawa ne, ƙasarsu wani kwari ne a bayan manyan duwatsu. Maƙwabtansu Zangarawa sun yi wani sarki da bai cika yaƙi da takobi ba, da yunwa yake yi. Yakan bari amfanin gona ya kusa nuna ya aika a ƙone, mutane su zo da kansu su durƙusa. Haka ya ci ƙasa bayan ƙasa. Cikin manoma Ambalawa kaɗai suka gagare shi, don kafin rundunarsa ta gama hawan dutse sun girbe tiyamba sun ɓoye. Sai ya zo musu da rani, ya ƙone rumbuna, ya kore su, ya haramta ko ambaton irin. Matan suka cusa ƙwayoyi cikin gashi, suka kitsa hanyar da suka bi a kan 'ya'yansu, daga ƙeya inda gida yake zuwa goshi inda gudu ya ƙare.

Ta ce, "Ina ƙarama aka yi. Duk lokacin da uwata ta zo ƙeya sai ta ja har in yi ƙwalla, ta ce, yi haƙuri, nan ne hanyar gida. Kowace shekara ina shuka irin a waccan tukunya, in girbe in mayar kaina. Ban haifi mace ba, 'yan'uwana sun ƙare. Hannuna ya daina kai wa ƙeya tun da daɗewa, ga yadda ta koma, na kuwa manta abin da ke ƙarƙashinta."

Na taɓa layukan na ji ƙwayoyi a ciki, ba su kai cikin tafi ɗaya ba. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Na roƙe ta ko ƙwaya goma, na gaya mata halin da na baro yaran garinmu. Ta yi kuka tare da ni, amma ta girgiza kai. Ta ce ta yi wa uwarta alkawari ba za ta ba baƙo irin ba sai irin ya sake kwana a ƙasarsa ta asali, kuma ɗan abin da ya rage duk duniya ke nan, tukunya ta rage masa ƙarfi. In muka kai ta gida aka shuka aka girbe, mu ɗebi iya abin da jaki zai ɗauka.

Na kwance mata kitson layi-layi na mayar yadda yake, tana gyara mini da yatsa, har hannuna ya haddace. Ƙeyar ce kawai ta gagare ni, ko tsinke ba ya shiga. Muka ce in mun je can Allah ya nuna mana. Korau ya sayi jaki, muka ɗora ta muka kama hanya.

Layin nan mai kauri da ya karkace daga goshi Kogin Lumba ne. Mutanensa, Lumbawa, su ma sarkin nan ne ya raba su da tudu, sai suka saƙa manyan tabarmi na kara masu iyo, suka zuba ƙasa a kai, suka gina ɗakuna da gonaki, garuruwansu na yawo bisa ruwa. Ba abin da ya kai ƙasa daraja a wurinsu. Ba sa ɗaukar baƙo sai ya ba su ƙasar garin da aka haife shi, su zuba a gonarsu. Muka yi cirko-cirko a bakin ruwa, don wa ke tafiya da ƙasa a jaka? Can na tuna da ɗan kaskon man kitsona, wanda uwata ta bar mini, ginin yumɓun Tudun Aduwa. Na kwashe man a ganye, na daka kaskon ya zama gari, na miƙa wa shugabar masu fito.

Ta shinshina ta ce, "Wannan ya sha wuta."

Na ce, "Ya sha, ranki ya daɗe. Ku ma kun sha, kun daina zama Lumbawa ne?"

Ta dube ni, sannan ta ce a shigar da jakin. Na ji zafin kaskon nan ƙwarai, ban ɓoye ba, na yi ta sharar hawaye har muka bar gaɓa.

Ƙananan layukan da suka jeru su ne Filin Falma, ƙasar makiyaya masu kiwon wasu dogayen tsuntsaye da ake hawa kamar doki. Iyakarsu ba ta tsayawa, duk inda garke ya kwana nan ce ƙasarsu, shi ya sa sarkin yunwa bai taɓa samun abin ƙonawa a wurinsu ba. Ciyawar filin ta shanye mutum da jakinsa. A nan Korau ya karɓi jagora, ya ce shi falke ne ɗan falke, inuwarsa ba ta taɓa ɓatar da shi ba. Ya manta inuwar ƙasar nan a juye take. Muka wuni muna tafiya muka dawo daidai tokar da muka dafa kunu da safe. Na dai tambaye shi ko wannan murhun ma na kakansa ne. Iya ta sa na laluba wani ɗan ƙulli a bayan kunnenta, ta ce wani dutse ne tilo mai rijiya a gindinsa. Na hau kafaɗar Korau na hango shi, muka nufe shi.

Filin da aka bari a tsakar kai ba mantuwa ba ce, Farin Fili ne. A da teku ne, ya janye ya bar gishiri iya ganinka, da gawarwakin jirage a kwance. Jikokin matuƙan suna nan, suna sassaƙa gishiri su gina ɗakuna, har yanzu kuma in za su yi sallama sai su ce Allah ya dawo da ruwa. Hasken wurin yana makantar da baƙo. Tozalina ne ya cece mu, na rambaɗa wa kowa, har jakin. A bakin filin muka sauka gidan wata mata mai kai a aske ƙwal. Ita ta gaya mana abin da ke gaba. Ta ce sarkin yunwa ya daɗe da mutuwa, amma dokarsa na nan a Ƙofar Zangar, mashigar duwatsu. Masu gadin ƙofar sun san dabarar Ambalawa, don haka duk macen da za ta wuce, 'yar gida ko baƙuwa, sai an aske ta an ƙone gashin.

Iya ta zauna a ƙasa ta yi tagumi. Na yi tunanin ɗinke irin a riga, matar ta ce ana tankaɗe kaya har da mangalar jaki. Ina cikin wannan damuwa na ɗaga kai na ga Korau yana taje gemu. Na ƙura masa ido har ya tsargu.

Ya ce, "Tasalla, wannan kallon ba na alheri ba ne."

Na ce, "Maza ake askewa a ƙofar?"

Matar ta ce a'a, wa ya taɓa jin namiji da kitso?

Iya ta ce, "Tun da aka kafa mu, namiji bai taɓa ɗaukar iri ba."

Korau ya ce, "Kin ji ko? A bi al'ada, Iya, al'ada ba abin wasa ba ce."

Iya ta dubi gemun, ta dubi duwatsun, ta yi ajiyar zuciya. Ta ce, "Zauna, ɗana. Uwata ta ce kar in ba baƙo, ba ta ce kar in ba shi ajiya ba."

Na kwance kan Iya, ban da dunƙulen ƙeya, na tsince ƙwayoyin ɗaya-ɗaya, na mayar mata da kitsonta ba komai a ciki. Sannan na ɗaga gemun Korau na yi ƙananan kitso a ƙarƙashi, na cusa irin, na taje na sama ya rufe, ya ja amawalin rawaninsa. Yana ta cewa in wannan labari ya kai Tudun Aduwa shi da ni sai a lahira. Ga shi kuwa yau ina ba ku, yana zaune yana ji.

Da hantsi muka isa ƙofar. Masu gadi suka zazzage kayanmu, suka tankaɗe har garin kunu. Wanzamin ƙofa ya fara da ni. Gashin da na raina tun ina budurwa ya zube a ƙasa, na cije leɓe. Da aka zare ɗankwalin Iya sai babban mai gadin ya miƙe tsaye, ya ce ashe akwai sauran masu wannan kitso a duniya. Suka kewaye ta, suka manta da mu. Iya ta zauna a kan dutse, bayanta a miƙe, aska na bin layukan da uwarta ta tsaga. Kogi ya faɗi, fili ya faɗi, dunƙulen ƙeya ya faɗi, aka watsa su a wuta. Ba ta yi ko motsi ba, ni ce na yi kukan. Korau na tsaye riƙe da haɓa, wani mai gadi ya yi masa ba'a ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Korau ya ce wallahi gaskiya ne, muka wuce.

Bayan ƙofar hanya ta rabu kashi-kashi tsakanin duwatsu, kowace kamar 'yar'uwarta. Nan ne ƙeya ya kamata ta yi magana, ga shi ta zama toka. Iya ta sauka daga jaki ta sunkuyar da kai ta ce mu yafe mata, ta kawo mu inda ba ta san gaba ba. Na zagaya bayanta don in ɗaura mata ɗankwali saboda sanyi, sai hannuna ya tsaya. Tsagar da aka yi ta bi tun tana yarinya ta zauna a fatar kanta, layi-layi, baƙi a kan fari. A ƙeya, inda dunƙulen ya rufe shekara da shekaru, ga wani siririn layi ya gangara, ya karya hagu, ya ratsa tsakanin wasu tabo biyu. Na ɗaga ido, ga duwatsu biyu tagwaye a hagunmu.

Na bi layin da yatsana a hankali. Ta ɗora hannunta a kan nawa. Ta ce, "Nan ne. Nan uwata take ja."

Muka ratsa tsakanin tagwayen muka gangara Kwarin Ambal. Ba kufai muka tarar ba. Akwai mutane, talakawan Zangarawa da aka zuba a wurin bayan kora, ramammu, suna tonon saiwa, don hatsinsu ba ya nuna a gajeruwar daminar kwarin. Iya ta gane dutsen niƙan gidansu a ƙofar wata bukka, wata mata na zaune a kai da goyo. Ta tsaya tana kallonta, na ga fuskarta ta yi tauri, na ɗauka za ta ce mu juya. Sai goyon ya yi irin kukan da na baro a garinmu, wanda ba ƙarfi a cikinsa.

Iya ta ce, "Wannan bai ƙone rumbun kowa ba. Ke 'yar nan, kuna da fartanya?"

Korau ya so a jira watan shukarmu na gida, Iya ta ce ya bar lissafin arewa a arewa, ruwan nan yana zuwa ne lokacin da namu ke ɗaukewa. Hadari na haɗuwa na kwance gemu, aka shuka a bayan bukkar, mutanen kwari suna gadi kamar ransu. Girbin farko ba a ci ko ƙwaya ba, aka mayar ƙasa tun ruwa bai ɗauke ba. Na biyu ya cika ƙwarya da kwanduna. Aka niƙa a dutsen gidansu, aka tuƙa tuwo, Iya ta ci loma uku ta ce ya yi, haka yake.

Ba ta daɗe ba bayan wannan. Ranar da jikinta ya yi nauyi ta sa na zauna a gabanta. Gashina ya ɗan tofo, ta kama na ƙeya ta kitsa ɗan siririn layin nan da kanta, ta ce yanzu ba baƙuwa za ta ba iri ba. Muka binne ta kusa da dutsen niƙa. Mutanen kwari suka cika mana mangala, suka fitar da mu ta wata hanyar awaki da masu gadi ba su sani ba.

Mun iso Tudun Aduwa ana hadarin farko. Rabin gidajen da na sani an rufe su da ƙaya. Waɗanda suka rage suka karɓi irin suna juya shi a tafi, ba su yarda ba, amma da babu gara ba daɗi. Ruwa ya yi halinsa, ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya da ciki. Tiyamba kuwa ya riga ya sunkuyar da kai.

Da rumbuna suka cika mata suka tuna da kansu, gindin bishiyar da nake kitso ya sake cika. Wata ta ga ƙeyata ta ce irin wannan take so, sai na yi mata duka, daga kogi har kwari. Yanzu ba yarinyar da za ta tashi a garinmu ba a yi mata kitson Iya ba, suna yawo da ƙasashen da ba su taɓa gani ba a bisa kansu, ni kuma ina kitsawa ina faɗa musu sunan kowane layi da mutanensa. Ɗazun nan jikar ƙanwata tana gabana, na zo ƙeya na ja, ta yi ƙwalla ta ce, "Wayyo Inna, da zafi!"

Na ce, "Yi haƙuri, nan ne hanyar gida."